Koken da Aka Rubuta Aka Rufe: Nazarin Lamarin Manhajar Horizon a Gidan Wayar Birtaniya

Daga shekarar 1999 zuwa 2015, an gurfanar da mutane sama da 900 a kotunan Birtaniya bisa zargin sata ko zamba ko shirya lissafin ƙarya, kuma hujjar da aka riƙe a kansu ita ce alƙaluman da wata manhaja mai suna Horizon ta fitar. Mutanen nan masu riƙe da ƙananan rassan gidan waya ne da masu taya su aiki a kanta. Kimanin 700 daga cikin shari'o'in Hukumar Gidan Waya ce ta shigar da su da kanta, domin dokar Ingila da Wales ta ba ta damar yin bincike da gabatar da ƙara da lauyoyinta, ba tare da ta bi ta hannun 'yan sanda ba. An ɗaure fiye da mutum 200, wasu sun rasa gidajensu da sana'arsu, wasu kuma sun rasu ba a wanke sunansu ba. Sai a ƙarshen 2019 Babbar Kotu a Landan ta tabbatar da cewa manhajar tana da kurakuran da suke iya nuna giɓin kuɗi inda babu shi, kuma sun sha nunawa.

Wannan nazari ya tsaya ne a kan ɓangare guda na lamarin, wato makomar koke-koken da masu rassa suka riƙa kai wa tun daga shekarun farko. Wanda ya ji labarin a taƙaice yana iya zaton babu inda aka rubuta ƙorafin mutanen nan. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne an rubuta shi. An ba kowane kira lamba, an sa masa kwanan wata, an tura shi daga wannan sashe zuwa wancan, an adana shi shekara da shekaru a cikin rumbunan bayanai masu tsari. Duk da haka an ci gaba da ɗaure mutane, kuma a cikin wannan rumbu ne daga baya aka tono hujjar da ta wanke su.

Matsayin mai reshe da matsayin manhaja

Mai reshen gidan waya a Birtaniya ba ma'aikacin hukuma ba ne. Ɗan kasuwa ne mai cin gashin kansa, wanda yawanci ya tattara ajiyarsa ko ya ci bashi ya sayi shago a ƙauye ko a unguwa, sannan ya sa hannu a kwantiragin yi wa Hukumar Gidan Waya aiki: biyan fansho, karɓar kuɗin wuta da ruwa, sayar da kan sarki, aika kaya da hada-hadar banki. Matsayinsa ya yi kama da na mai sana'ar POS, wanda yake juya kuɗin wani da na'urar wani, kuma idan lissafi ya saɓa shi ake fara tambaya. Kwantiragin ya ce mai reshe ne zai biya asarar da ta faru saboda sakacinsa ko kuskurensa, da kowace irin asara da masu taya shi aiki suka jawo. A aikace kuwa hukumar ta ɗauki wannan sharaɗi a matsayin cewa duk giɓin da na'ura ta nuna bashi ne a wuyan mai reshe, sai fa in shi ne ya kawo hujjar da ta nuna akasin haka.

Kamfanin ICL, mallakar Fujitsu na ƙasar Japan, shi ne ya ƙera Horizon, aka kuma girka ta a rassa kusan 18,000 daga 1999 zuwa farkon shekarun 2000. A 2010 aka sauya ta da sabon samfuri mai suna Horizon Online. Aikinta bai tsaya ga karɓar ciniki a kanta ba. Ita ce ma'aunin da hukumar take auna ko reshe yana bin ƙa'ida: da alƙalumanta mai reshe yake rufe lissafinsa, da su masu binciken kuɗi suke dira a shago, da su sashen karɓar bashi yake rubuta wasiƙa, da su kuma lauyoyi suke tsayawa a gaban alƙali. A zamanin littattafan takarda, mai reshe yana iya bin rasit ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda kuskure ya shiga. Da zuwan Horizon cikakkun bayanan suka koma hannun Fujitsu, kuma ita kanta hukumar adadi ƙayyadadde take iya nema a shekara, abin da ya wuce haka sai ta biya. Ba abin mamaki ba ne da ta riƙa jan ƙafa wajen neman su.

Gargaɗin farko daga cikin gida ya fito. A 1998, tun ba a girka manhajar ba, an kafa wani ƙaramin kwamiti a ICL don rage tarin kurakuran ɓangaren da yake aiki a kanta, kuma David McDonnell, ɗaya daga cikin injiniyoyin da suka rubuta rahoton kwamitin, ya shaida wa kwamitin binciken da gwamnati ta kafa a kan lamarin a zamansa na 2022 cewa ya ba da shawarar a sake rubuta sashen lissafin kuɗi daga tushe. Ba a bi shawarar ba, aka ci gaba da yin faci.

Akwai kuma wani sauyi da aka yi wajen 2005 wanda a ganina ya fi kowane kuskuren manhaja muni. Kafin lokacin, mai reshe yana iya ajiye giɓin da yake jayayya a kansa a wani asusun jira har a bincika. Bayan sauyin, idan ƙarshen zangon ciniki ya zo, dole ya zaɓi ɗaya: ko ya cike giɓin da kuɗin aljihunsa nan take, ko ya amince a mayar da shi bashi a kansa a babban ofishi. Idan bai rufe lissafin ba, ba zai iya shiga sabon zangon ciniki ba. Babu wani maɓalli a cikin manhajar da mutum zai danna ya ce bai yarda da wannan adadi ba. Manhajar da aka ƙera don tabbatar da bin ƙa'ida ba ta tanadi gurbin rubuta jayayya ba, saboda haka hanyar da ta rage ita ce ta wayar tarho. Da yawa daga cikin waɗanda aka kama da laifin lissafin ƙarya abin da suka yi ke nan: sun sa hannu cewa kuɗin yana nan don su samu su buɗe shago washegari, suna fatan kuskuren zai gyara kansa.

Hanyar da koke yake bi

A lokacin, layukan neman taimako biyu ne. Ɗaya na Hukumar Gidan Waya ne, mai kula da tambayoyin yadda ake gudanar da aiki, ɗayan kuma na Fujitsu ne, mai kula da matsalolin na'ura. Mai reshen da ya ga giɓi bai san ko nasa kuskuren ne ko na manhaja ba, don haka akan yi ta jefa shi tsakanin layukan biyu. Idan koken ya tsallake matakin farko a ɓangaren Fujitsu, sai ya hau mataki na biyu, sannan na uku, wato cibiyar injiniyoyin da take garin Bracknell, daga nan kuma sai masu rubuta manhajar. Ana buɗe wa kowace matsala fayil a wani tsari da aka fara kira PinICL, daga baya aka maye gurbinsa da PEAK. Idan aka gane cewa matsala tana maimaituwa, sai a shigar da ita a kundin kurakuran da aka sani, wanda ake kira KEL, tare da bayanin alamominta da abin da za a faɗa wa mai kira.

A kan takarda wannan tsari ne mai kyau, irin wanda duk kamfanin manhaja zai yi alfahari da shi. Ga abin da ya haifar a aikace.

Alan Bates, wanda ya riƙe reshe a Craig-y-Don da ke arewacin Wales, ya kira layin taimako sau 507 a cikin shekarun da ya yi aiki da Horizon, 85 daga ciki a kan manhajar da matsalar rufe lissafi. Ya ƙi sa hannu a kan alƙaluman da ba zai iya tantancewa ba, sai aka soke kwantiraginsa a 2003. Lee Castleton na garin Bridlington ya kira sau 91 a farkon 2004 yana roƙon a zo a duba masa, giɓin yana ta ƙaruwa har ya kai kusan fam 25,000. Hukumar ta kai shi Babbar Kotu, ya tsaya wa kansa ba lauya, ya sha kaye a 2007, aka ɗora masa kuɗin shari'a fam 321,000, ya karye. Jo Hamilton ta ƙauyen South Warnborough tana kan waya da ma'aikacin layin taimako, tana bin umarninsa, giɓin ya ninka a gaban idonta, aka ce mata duk da haka ita za ta biya. Ta jinginar da gidanta, ta ci bashi, daga ƙarshe aka tuhume ta da satar fam 36,000, alhali mai binciken hukumar ya riga ya rubuta cewa bai ga shaidar sata ba. A ƙarshen 2007 ta amsa laifin lissafin ƙarya don a janye tuhumar satar.

Magana guda ce take maimaituwa a shaidar waɗannan mutane da ɗaruruwan 'yan uwansu: an ce musu su kaɗai ne suke da wannan matsala. Mai layin taimako ya faɗa, mai binciken kuɗi ya faɗa, jami'in tsaro mai ɗaukar jawabi ya faɗa. Wasu daga cikin masu faɗin ƙila sun yarda da abin da suke faɗa, domin ma'aikacin matakin farko kiran da yake gabansa kawai yake gani, kuma abin da ake auna shi da shi shi ne saurin kammala kira. Sai dai hukumar a matsayinta na hukuma, da kamfanin a matsayinsa na kamfani, suna da duk bayanan da za su ƙaryata wannan magana. Cutar da ta yi ba ƙarama ba ce. Mutumin da aka shawo kansa cewa a cikin dubban rassa shi kaɗai ne lissafinsa yake saɓawa, zai fara zargin kansa, sannan ya zargi matarsa ko ɗansa ko yarinyar da take taya shi aiki, kuma kunya za ta hana shi tambayar maƙwabcinsa mai irin sana'arsa.

Tun a 2004 wani ya nuna abin da karatun rajistar kira kaɗai zai iya bayyanawa. A wata shari'a a kan reshen Cleveleys, an naɗa masanin kwamfuta Jason Coyne ya duba lamarin, kuma da yake ba a ba shi cikakkun bayanan ciniki ba, sai ya karanta rajistar kiran da reshen ya yi. Ya tarar mafi yawan kiran a kan lalacewar na'ura ne, ya kuma rubuta cewa kayan da aka girka a reshen suna da lahani. Hukumar ta sasanta da mai reshen a wajen kotu, rahoton kuma bai sauya komai ba a yadda ake kula da sauran rassa.

Matsala ta gaba ita ce wanda yake da ikon rufe fayil. Kowane fayil na PEAK ana rufe shi da wani rukuni: babu lahani a manhaja, ko kuskuren mai amfani ne, ko an ba da shawara, ko an gano lahani za a gyara. Injiniyoyin kamfanin da ya ƙera manhajar su ne suke zaɓar rukunin, wato mai kaya shi ne mai yanke hukunci a kan kayansa. Mai Shari'a Peter Fraser, alƙalin da ya saurari ƙarar da masu rassa suka shigar daga baya a Babbar Kotu, bayan ya karanta fayiloli masu yawa, ya tarar da inda bayanin da yake cikin fayil ya nuna ƙarara cewa manhajar ce ta yi kuskure, amma aka rufe shi da rukunin da yake ɗora laifi a kan mai amfani. Da zarar an yi haka, duk wanda ya ƙirga fayilolin bisa rukuninsu zai sami alƙaluma masu kwantar da hankali, kuma waɗannan alƙaluma ne suke hawa sama zuwa teburin shugabanni.

Kurakurai biyu sun isa misali. A 2005 mai reshen Callendar Square a garin Falkirk na Sikotland ya kai ƙorafin cewa idan ya tura kuɗi daga wannan kanta zuwa waccan, na'ura takan rubuta shi sau biyu. Da aka bincika sai aka gano cewa matsalar ta samo asali tun wajen shekarar 2000, kuma wata injiniyar Fujitsu, Anne Chambers, ta rubuta a 2006 cewa an yi shekaru ana fama da ita kuma tana shafar rassa da dama kusan kowane mako. An gyara ta a wannan shekara, amma ba a aika wa masu rassa sanarwa cewa su duba tsofaffin lissafinsu ba. Na biyu ya bayyana a 2015 a Dalmellington, inda wata mai reshe ta tura fam 8,000 zuwa ƙaramin reshen da take kula da shi, na'ura ta rubuta kuɗin sau huɗu, ta bar ta da giɓin fam 24,000. Sai a lokacin Fujitsu ya waiwaya baya ya bincika, ya tarar abin ya faru sau 112 a rassa 88 cikin shekaru biyar. Bayanan suna nan tun farko, tambayar ce ba a yi ba.

Ba za a musa cewa da yawa daga cikin kiran da ake yi wa irin wannan layi kuskuren masu amfani ne ba, kuma babu kamfanin da zai iya ɗaukar kowane kira a matsayin lahanin manhaja. A kan wannan hukumar ta kafa kariyarta shekara da shekaru: miliyoyin hada-hada suna wucewa lafiya kowace rana, don haka da wuya a ce manhaja ce. Amma tambayar da ta dace a yi ba ta shafi miliyoyin da suka wuce lafiya ba. Ta shafi mutumin da ya yi shekara ashirin yana aiki ba a taɓa kama shi da ƙwandala ba, ya kira da kansa ya kai rahoton giɓin, ya sake kira sau da dama yana roƙon a zo a bincike shi. Ɓarawo ba ya haka. Yawan kiran da mutum ya yi ya kamata ya zama alamar da za ta ɗaga fayil ɗinsa zuwa bincike mai zurfi, sai ga shi bai ma shiga cikin abin da masu gabatar da ƙara suke aunawa ba.

Lokacin da rikodi ya zama abin tsoro

A watan Mayun 2009 mujallar Computer Weekly ta buga rahoton 'yar jarida Rebecca Thomson a kan masu rassa bakwai, kuma a ƙarshen shekarar Alan Bates ya tara waɗanda abin ya shafa a zauren ƙauyen Fenny Compton, inda suka kafa ƙungiyar neman adalci. Aikin da suka yi a wannan zaure, wato jera labarai a gefen juna a ga inda suka yi kama, shi ne ainihin aikin da tsarin bin diddigin koke ya kamata ya yi tun shekaru tara kafin nan. Ƙungiyar masu rassa ta ƙasa, wadda ita ce wakiliyarsu a hukumance, ta tsaya ne a bayan Horizon, kuma daga baya kotu ta ce ba ta da 'yancin kanta ko kaɗan, domin daga Hukumar Gidan Waya take samun kuɗin gudanarwa.

Martanin hukumar ya zo a Agustan 2010, a wani rahoton cikin gida da jami'inta Rod Ismay ya rubuta. Rahoton ya tattaro dalilan amincewa da manhajar, bai shiga fayilolin PEAK ba, sannan ya yi gargaɗin cewa idan aka kawo masu bincike daga waje, duk abin da suka gano dole a bayyana shi a kotu. Daga nan za a ga yadda tunanin ya juya: sanin gaskiya ya zama haɗari, rashin sani ya zama kariya.

Watanni biyu bayan haka abin ya fito fili. Jami'an hukumar da na Fujitsu sun zauna a kan wani sabon kuskure da yake sa kuɗin shiga da na fita su saɓa ba tare da mai reshe ya gani ba, wanda daga ƙarshe ya shafi rassa 62. Takardar taron ta ambaci cewa idan labarin ya bazu zai iya rage amincewa da Horizon, zai kuma iya shafar shari'o'in da ake yi. Ɗaya daga cikin hanyoyin gyara da aka tattauna ita ce Fujitsu ya sauya alƙaluman reshe daga nesa, abin da hukumar ta ci gaba da musanta yiwuwarsa har 2015. Wannan takarda ta isa sashen lauyoyin hukumar kwanaki kaɗan kafin a fara shari'ar Seema Misra, mai reshen West Byfleet, wadda ake tuhuma da satar sama da fam 74,000. Gaskiya ne kuskuren a sabon samfurin manhajar yake, ita kuma a tsohon ta yi aiki, amma shari'ar gaba ɗaya a kan amincin Horizon ta rataya, kuma ba a nuna wa lauyoyinta takardar ba. A watan Nuwamba aka yanke mata ɗaurin wata 15 tana da juna biyu.

Matsin lambar 'yan majalisa, musamman James Arbuthnot wanda Jo Hamilton take mazaɓarsa, ya sa a 2012 aka ɗauko kamfanin bincike na Second Sight. Rahotonsa na wucin gadi a Yulin 2013 ya ambaci kurakurai biyu da suka shafi rassa 76, ya kuma soki yadda ake tallafa wa masu rassa, amma hukumar ta ɗauki jimla guda da ta ce ba a ga matsalar da ta game tsarin duka ba tukuna, ta riƙa nanata ta. A cikin wannan wata wani lauya da hukumar ta ɗauka, Simon Clarke, ya rubuta mata cewa Gareth Jenkins, injiniyan Fujitsu da yake ba da shaidar ƙwararre a shari'o'inta, ya san da kurakurai bai bayyana wa kotu ba, don haka ba za a ƙara dogara da shi ba. Ya kuma ba da shawarar a kafa wuri guda da za a riƙa tara duk wani bayani a kan lahanin Horizon. Aka fara taron waya na mako-mako don wannan manufa.

A nan ne lamarin ya kai maƙurarsa. Cikin makonni kaɗan Clarke ya sake rubutawa, a farkon Agustan 2013, cewa ya sami labarin an ba da umarnin a yayyage bayanan tarukan, bisa tunanin cewa abin da ba a rubuta ba ba za a tilasta bayyana shi ba, ya kuma gargaɗi hukumar cewa hakan yana iya zama laifin karkatar da shari'a. Karo na farko ke nan da aka yi yunƙurin tara koke da kurakurai wuri guda inda lauyoyi za su gani, kuma abin da wasu suka fara tunani shi ne yadda za a shafe sawunsa. Waɗanda aka riga aka ɗaure ba su san da shawarwarin Clarke ba sai bayan sama da shekara bakwai. Shirin sasantawa da aka buɗe a 2013, wanda mutum 150 suka nemi shiga, hukumar ta rusa kwamitin da yake kula da shi a Maris na 2015, ta kuma sallami Second Sight.

Abin da kotu ta karanta

Masu rassa 555 suka haɗu suka shigar da ƙara, Alan Bates a gaba. Tun a matakin musayar takardu aka fara kokawa a kan kundin KEL. Lauyoyin hukumar sun fara da nuna shakku a kan wanzuwarsa, sannan suka ce ba shi da alaƙa da lissafin rassa, sannan suka ce ba a hannunta yake ba, na Fujitsu ne. Da kotu ta matsa, aka fito da fayilolin PEAK sama da 200,000 da dubban shigarwar KEL, kuma bayan an gama sauraren shaidu aka sake gano wasu shigarwar KEL kimanin 5,000 da ba a miƙa ba. A tsakiyar shari'ar hukumar ta nemi alƙalin ya janye kansa, ba ta yi nasara ba.

Hukuncin da Mai Shari'a Fraser ya yanke ranar 16 ga Disamba 2019 ya bi kurakurai 29 ɗaya bayan ɗaya, kuma kusan duk hujjar daga rubutun injiniyoyin Fujitsu ta fito, rubutun da suka yi a lokacin da abin yake faruwa. Ya ce tsohuwar Horizon ba ta da ƙwari ko kaɗan, ya tabbatar da cewa Fujitsu yana iya shiga asusun reshe daga nesa, ya kuma kwatanta dagewar hukumar da dagewar mai cewa duniya shimfiɗaɗɗiya ce. Ya kamata a yi wa injiniyoyin adalci a kan abu guda: da yawansu sun rubuta abin da suka gani tsakani da Allah, shi ya sa fayilolin suka yi amfani. Gazawar tana wajen mahaɗa. Babu igiyar da ta ɗaure kundin kurakurai da sashen karɓar bashi, balle da sashen gabatar da ƙara, ta yadda kafin a tuhumi mutum za a tilasta wa wani ya duba ko reshensa ya taɓa kai koke, ko alamomin da ya bayyana sun dace da wani kuskure da aka sani. Babu kuma ƙa'idar da ta ce idan an tabbatar da lahani a sanar da duk wanda zai iya shafa, har da waɗanda aka rufe fayilolinsu a baya. Dokar ƙasar ma ta taimaka wajen toshe wannan gurbi, domin a 1999 an soke tanadin da yake wajabta wa mai gabatar da ƙara ya nuna cewa kwamfuta tana aiki daidai, aka koma ɗaukar cewa daidai take aiki sai an kawo hujjar akasin haka. Hujjar kuwa tana hannun wanda yake ƙarar.

An sasanta ƙarar a kan kusan fam miliyan 58, amma bayan an cire kuɗin lauyoyi da na masu ɗaukar nauyin shari'ar, kimanin fam miliyan 12 ne ya rage wa mutum 555. Ranar 23 ga Afrilun 2021 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin mutum 39, ciki har da Jo Hamilton da Seema Misra, ta ce gurfanar da su tun farko cin mutuncin shari'a ne. Bayan wani wasan kwaikwayo da tashar ITV ta nuna a Janairun 2024 ya harzuƙa jama'a, Paula Vennells, wadda ta shugabanci hukumar daga 2012 zuwa 2019, ta mayar da lambar girmamawar da aka ba ta, shugaban Fujitsu na Turai ya nemi afuwa a gaban majalisa, kuma a watan Mayu majalisar ta yi doka ta musamman da ta soke ɗaruruwan hukunce-hukunce a lokaci guda. A Janairun 2025 Ma'aikatar Shari'a ta buɗe neman ra'ayoyi a kan ko ya dace a ci gaba da ɗaukar shaidar kwamfuta a matsayin daidai. Kashin farko na rahoton kwamitin bincike ƙarƙashin Sir Wyn Williams ya fito ranar 8 ga Yulin 2025, ya ce kimanin mutum 10,000 ne suka cancanci neman diyya, kuma akwai yiwuwar mutum 13 aƙalla sun kashe kansu saboda wannan lamari. Zuwa lokacin, diyyar da aka biya daga baitulmalin gwamnati ta haura fam biliyan ɗaya, dubban mutane kuma suna jiran a kammala nasu lissafin.